Ɗakin Bayan Inji

A shekara ta biyu da ruwa ya ƙi, Kalilu ya hau rumbunsa a Gangara ya leƙa ciki, bai ga komai ba sai ƙaiƙayi da gidan zanzaro. Geron da ya shuka ya fito iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Mutanen garin sun saba da cin rani, a tafi bayan kaka a dawo da ruwan shuka, amma bana ba wanda yake maganar dawowa.

Matarsa Saude tana zaune a inuwar danga da 'ya'yansu mata biyu, Safiyatu da Kadijatu, ga kuma ƙaramin ciki. Ta ce, "Malam, in ka tahi, yaushe za mu bi ka?"

Ya ce, "Ran da nis samu ɗaki. Ba ni kai ku birni ku kwana bakin kwata."

Ya sayar da jakinsa, ya bar mata abin da zai riƙe su, ya taka zuwa Isa ya shiga babbar mota mai zuwa Sakkwato.

A lokacin Sakkwato tana kumbura kamar ƙullu. Gwamnatin jiha ta zauna a cikinta, ma'aikata suna ta kwararowa daga ko'ina, inda aka bar gona bara sai a tarar da unguwa bana. Aiki bai yi wa Kalilu wuya ba. Ya shiga leburanci, yana kwaɓa siminti yana ɗaukar bulo. Kullum da safe akan ba shi bokiti ya shayar da bulon da aka buga jiya, ya riƙa kallon ruwan yana malala a ƙasa, ruwan da gonarsa ba ta ga irinsa ba a damina biyu. Yana kwana a cikin ginin da ba a rufa ba tare da sauran leburori. Da an sa kwano an sa ƙofa, sai a ce su matsa gaba.

Ɗakin ne ya gagara. Da an tashi aiki yakan bi unguwa unguwa, ƙafafunsa fari fat da siminti, yana sallama a zauruka. Wasu su ce sai mai albashi. Wasu su ce ba sa ba gwauro, ya ce yana da mata, su ce to tana ina, ya ce tana jiran ɗaki, su ce to ɗaki ma yana jiran mata. Wasu ba sa ma bari ya gama magana. Sukan dubi zanen Gobir da ya taso daga bakinsa ya bazu har kunne, su ce an riga an kama.

Wani dattijo mai gida ne kawai ya gaya masa gaskiya. Ya ce, "Ɗana, ba kai nika tsoro ba, waɗanda za su biyo ka nika tsoro. Gabas duk ta taso. In na ba mutum guda ɗaki yau, jibi gari guda na ka kwana zaurena."

Kalilu bai yi musu ba, don ya san haka ne.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara. Wata la'asar ya biyo ta Rijiyar Ɗorowa, ya gaji har ba ya jin ƙafarsa, ya zauna a kan wani turmi da aka kife a gaban injin niƙa. Sai ya ji murya ta keto ƙarar injin.

"Kai, wa ya kwance mini bawana? Tun bara nake cigiyarka. Dubi fuska kamar kaji sun yi tono."

Kalilu ya ɗaga kai. Wani gajeren mutum ne mai tumbi, gari ya rufe shi har gira, da hula lanƙwashe gefe guda. Bayarabe ne.

Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran kowa bawansa. Abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai shi zuci, ba a kai shi gaban alƙali, wanda kuwa ya fara fushi shi ya ji kunya. A kasuwar Sabon Birni akwai wani Bayarabe mai atamfa da Kalilu ya sha fizge wa hula sai ya fanshe ta da goro. Amma a lokacin yana da rumbu biyu da jaki. Yau da aka kira shi bawa, sai da kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro kafin ya haɗiye ta. Ya tattaro sauran ƙarfinsa ya ce, "Yaushe bawa yaf fara yi ma ubangidanai tsawa? Haraji niz zo amsa."

"Haraji? Ga ɓuntun barkono can, kwashe."

"Barkono ai abincinku na. Shi as sa ba ku iya magana sannu."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa bango. Sunansa Lasisi. Ya shekara da shekaru a garin, Hausarsa ta Sakkwato ce sai dai karin harshen gida bai sake ta ba. Ya sa aka kawo wa Kalilu ruwa, ya tambaye shi abin da ya fito da shi a wannan zafi. Da ya ji, sai ya sosa ƙeya, sannan ya ce ya biyo shi.

A bayan injin akwai gidan haya nasa, ɗakuna a jere, da famfo ɗaya da masai ɗaya. Ɗakin ƙarshe ya jingina da bangon injin, a ciki yake ajiye gangunan baƙin mai. In inji yana aiki ƙasar ɗakin rawa take yi. Amma yana da rufi da ƙofa, kuɗin hayar kuma lebura zai iya.

Lasisi ya riƙe mabuɗin a sama ya ce, "Ka ji da kyau, Bagobiri. Kai da matarka da 'ya'yanka. In ka tara mini mayunwatan Gobir a gida, za ni watsa tsummokaranka a kwata, in sayar da kai in sayi manja."

Kalilu ya ce, "Gobir duka za ni kwaso, har jakuna. Zaurenka za mu ɗaure su."

Suka tafa, suna dariya. Lasisi ya sakar masa mabuɗin a hannu.

Saude ta iso da yaran cikin motar Isa, da tukwane biyu da tabarma. Ta wanke baƙin man da toka, ta rataya labule. Matar Lasisi ta ce ta riƙa share ƙarƙashin inji da yamma, garin da ta tara nata ne. Yaran suka fara cika ido. Kalilu ya riƙa dawowa daga aiki ya miƙe ƙafa a ƙofar ɗakinsa, yana jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsa, ya ga kamar wahalar ta juya baya.

A tashar mota kuwa labari ya riga ya zauna. Duk wanda ya sauko daga Gangara ko Burkusuma ya tambayi inda zai sa haƙarƙarinsa, sai 'yan kamasho su ce, ai Kalilu yana da ɗaki bayan injin Bayarabe. Wasu suka kwana biyu suka wuce. Wata tsohuwa ta zo asibiti ta yi mako. Ba a korar baƙo, balle na gida, balle a shekara irin wannan.

Sannan Labbo ya zo. Bafulatani ne na wajen Burkusuma, wanda kowane rani yake zaunar da shanunsa a gonar Kalilu su zuba taki, su kuma ci kara. A farin bara, lokacin da Kadijatu ta kwanta har aka fara cire rai, Labbo ne yake aiko da nonon saniyarsa ta ƙarshe mai tatsa, bai taɓa karɓar ko zangarniya ba. Yanzu shanun sun ƙare. Ya tsaya a ƙofar gidan da sandarsa a kafaɗa, bayansa matarsa Fatsuma da yara uku, ya yi sallama.

Kalilu ya karɓi ƙunshin da ke kan Fatsuma ya ce, "Ku shigo, gida kunka zo."

Mata da yara suka cika ɗakin, maza suka koma zaure. Labbo bai iya aikin bulo ba, ya gwada ya bari. Sai ya riƙa tsince buhunan da suka yage a bakin inji, yana warware su yana tufka igiya irin ta dabaibayi, magina suna saye suna ɗaure katako. Yakan zauna a lungun da ke gefen ɗakin, jikin bangon inji, tun safe, ba a jin motsinsa.

Sauran 'yan haya suka fara gunaguni. Akwai wani akawu da yake so ya yi wanka da wuri ya tafi ofis, kullum ya tarar da layi a famfo. Masai ya fara cika, ƙuda ya yi yawa.

Lasisi yakan leƙo daga tagar inji ya ce, "Bagobiri, ɗaki na ba ka, ban ba ka gari ba."

Kalilu ya ce, "Saura kaɗan. Sarkinmu na bisa hanya da dawaki."

Bayan kwanaki ya sake cewa, "Yaushe rundunarka za ta tashi? Kwata tana jiran kayanka."

"Sai mun ci ƙasar Yarbawa da yaƙi."

Lasisi yakan yi dariya, amma dariyar tana ƙara gajarta. Wata rana Saude tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, mutumin ga ba wasa yakai ba."

"Bayarabe na. Mi kis sani ga wasanmu?"

"Ban san wasanku ba, amma na san dariya. Tashi ba ta kai ga ido."

Kalilu ya ɗauki bokitinsa ya fita. A wurin aiki ya yini yana juya maganar. Ya sani tun kafin Saude ta faɗa. Ya san kuma cewa muddin yana mayar da amsa da wasa, Lasisi ba shi da hanyar da zai murtuke fuska ba tare da ya zama wanda ya fara karya abin da kakanni suka ƙulla ba. Ya kama mutumin ne ta wurin kirkinsa, kamar yadda ake kama rago ta ƙaho. Amma kowace ranar da ya saya da wasan nan, rana ce da 'ya'yan Labbo suka kwana ƙarƙashin rufi. Ya tambayi kansa ko wannan zalunci ne, in kuwa zalunci ne, wa ake zalunta, wa kuma za a zalunta in ya daina. Da ya dawo Lasisi ya jefo masa magana, shi ma ya jefa masa tasa.

Masai ya cika ya tumbatsa har ya gangaro bakin titi. Duba-gari ya zo da farar riga, ya zagaya gidan yana toshe hanci, ya ƙirga kawunan da ya gani a tsakar gida, ya yi magana da Lasisi a waje ya tafi.

Washegari da hantsi, ranar da babu aikin gini, injin ya mutu a lokacin da bai saba mutuwa ba. Ƙasar ɗakin ta daina rawa. Sai aka ji sallama a ƙofa.

"Salamu alaikum. Malam Kalilu yana ciki?"

Kalilu ya fito. Lasisi ya wanke garin jikinsa, ya sa riga. Tun da suka haɗu bai taɓa kiran sunansa ba. Ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya ja shi can bakin zaure inda ba kowa, ya rage murya.

Ya ce, "Malam Kalilu, ni ma baƙo ne a garin nan. Na haifi 'ya'ya a nan, na binne wasu a nan, amma ranar da magana ta tashi, baƙo nake. Duba-gari ya ce in ya dawo ya tarar da mutanen nan, zai rufe gidan, da gidan da injin bango ɗaya ne. Akawu ma ya ce zai tashi. Ko baƙinka su tafi, ko ku tafi tare. Na gaya maka tun ranar da na ba ka mabuɗi."

Kalilu ya ce, "Da wasa kaf faɗi."

Lasisi ya dube shi, idanunsa ja saboda gari da rashin barci. Ya ce, "To da me za ni faɗa wa Bagobiri?"

Lasisi ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma. Jim kaɗan injin ya tashi.

Saude tana bakin ƙofar ɗaki, cikinta ya tsufa, ta dafa ƙugu. Ta ce, "Lahiya?"

Daga inda Kalilu yake tsaye yana ganin bakin igiyar Labbo ya fito daga lungu, yana ja yana tsayawa. Zai iya shiga ɗaki ya saki labule. Zai iya cewa sai an jima. Ya tsaya a nan, ya maimaita mata abin da Lasisi ya ce, ya ɗaga murya yadda za ta ji duk da ƙarar inji. Da ya kai wurin ko su tafi ko mu tafi tare, igiyar ta daina motsi.

Saude ta ce a hankali, "To mi za ka yi?"

"Ni ba ni korar Labbo. Bakina ba ya iyawa."

Ta dube shi, ta dubi lungun, ta shige ciki.

Ranar nan aka ci tuwo kwano ɗaya kamar kullum, ba wanda ya ta da maganar. Da gari ya waye Kalilu ya dawo daga masallaci ya tarar Fatsuma ta ɗaure kayansu, yaran suna tsaye a tsakar gida. Labbo yana durƙushe yana ƙulle tabarma da igiyarsa.

Ya ce, "Aboki, an ce Gusau ana biɗar masu gadi. Za ni in gwada."

Kalilu ya ce, "Haba Labbo, ka zamna mana."

"A'a, mun daɗe. Allah shi saka."

A Gangara in baƙo ya ce zai tafi, mai gida yakan ƙwace ƙunshin, ya ɓoye sanda, ya ce wallahi ba yau ba, baƙo ya ƙi, a sake, a sake, har sai an ga wanda ya fi nufin abin da yake faɗa. Labbo ya san wannan, shi ma haka yake yi a rugarsa. Ya kwance ƙullin da ya riga ya ɗaure, ya sake ɗaure shi a hankali, ya ja bakin igiyar ya gwada ƙarfinta. Kalilu yana kallon ƙasa. Sandar tana jingine da bango kusa da hannunsa.

Labbo ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

Saude ta juye duk garin da ta tara a wani ƙyalle ta cusa wa Fatsuma, suka riƙe hannun juna. Kadijatu ta bi yaran har zaure tana tambayar ina za su, aka dawo da ita. Kalilu ya ɗauki tabarmar ya raka su har bakin babban titi, inda motocin yashi suke wucewa.

Labbo ya karɓi tabarmar ya ce, "In ruwa ya dawo, kak ka ba kowa gonar ga. Ni za ni zamna mata da shanu."

Kalilu ya ce, "Allah shi kai mu."

Duk su biyun sun san babu shanun. Labbo ya wuce gaba, Fatsuma da yaran a bayansa a jere, kamar yadda suke tafiya a daji.

Sauran baƙin suka watse da kansu cikin kwanakin. Aka kwashe masai. Duba-gari ya dawo ya leƙa ya tafi. Da wani ya sake zuwa daga tasha yana tambayar gidan Kalilu, Saude ta ba shi ruwa da tuwo, Kalilu ya raka shi ginin da leburori suke kwana.

A ɗakin Saude ta haihu, namiji. Ranar suna Lasisi ya kashe inji har aka shafa fatiha, ya kawo goro da turmin atamfa, ya zauna cikin mutane ya yi addu'a. Wani Bagobiri cikin 'yan suna ya tsokane shi, ya rama, aka yi dariya. Da ya zo tafiya ya miƙa wa Kalilu hannu biyu ya ce Allah ya raya.

Daga Gusau ba a ji komai ba. Kalilu ya tambayi direbobi, wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce masu gadi a can ai ba su ƙirguwa.

Wata safiya zai tafi aiki, ya tsaya a tagar inji. Lasisi yana zuba dawa a mazurari, gari ya rufe shi har gira. Kalilu ya gyara murya ya ce, "Bawana, yau ba ka gaida ubangidanka?"

Lasisi ya juyo, ya goge hannu a riga. Ya ce, "Ina kwana, Malam Kalilu. Yaya mai jego?"

"Lahiya lau."

"Madalla. A gaishe ta."

Ya koma kan dawarsa. Kalilu ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya gyara bokitin a hannunsa ya nufi wurin gini, don rana ta fara ɗagawa kuma bulon jiya yana jiran ruwa.